Faifai ko ƙwallo: me ya dace da daɓen Accra a wasan hoki na takalmin taya?

Duk wanda zai sayi faifan hoki na takalmin taya a Accra, wato ɗan zagayayyen abin nan mai faɗi da ake turawa da sanda zuwa raga, kada ya fara da tambayar wane kamfani ne ya fi. Ya fara zuwa filin da za a yi wasan, ya durƙusa ya shafa ƙasa da tafin hannu. Idan hannun ya taso da yashi, ko ya ji kaushi yana cizon fata, to rabin fayafayan da yake gani a intanet sun riga sun fita daga lissafi, komai kyan hotonsu. Kowane faifai da irin daɓen da aka ƙera shi dominsa, kuma masu ƙerawar ba kwaltar Nima suke tunani ba lokacin da suke zana shi.

Takalmin taya ya daina zama baƙo a zangunanmu. Yaran Nima da Mamobi da Sabon Zongo da Madina suna tsintar na gwanjo a Kantamanto, sanda ma takan faɗo jefi-jefi cikin kayan da ake kwancewa. Faifan ne ke wuyar samu, don haka galibi sai a aika wa ɗan'uwa a Bronx ko Toronto ko Hamburg ya sako a jaka in zai zo. Shi kuma bawan Allah ya shiga kanti ya ce faifan hoki yake so, a miƙa masa baƙin nan da kowa ya sani a talabijin, ya biya da zuciya ɗaya.

Wannan baƙin na ƙanƙara ne. Roba ce da aka gasa ta yi tauri, faɗinsa inci 3, wato santimita 7.6, kaurinsa inci 1, nauyinsa tsakanin giram 156 da 170. A gasar NHL ta Amurka da Kanada har daskarar da shi ake yi kafin wasa don ya rage tsalle. A kan ƙanƙara ɗan taɓi kaɗan ya ishe shi ya ƙetare fili. A kan siminti kuwa aikin roba kamawa ne, shi ya sa da ita ake yin tayar mota. Sanda na tura shi daga gefe, gindinsa ya cije a ƙasa, samansa na son wucewa, sai bayansa ya ɗaga ya miƙe tsaye a kan gefensa, ya gangara kamar murfin tukunya da ya suɓuce wa yaro, ya nufi kwata. Akwai shuɗi na yara mai giram 113, shi ma roba ne, halinsu ɗaya.

Duk wani faifai da aka ƙera don wasa ba a kan ƙanƙara ba, waɗannan matsaloli biyu yake ƙoƙarin warwarewa: ya daina kama ƙasa, ya kuma zauna a kwance. Bambancinsu yana cikin dabarar da kowanne ya bi, kuma kowace dabara tana da ƙasar da take yi wa biyayya.

Faifan gasa na gaske shi ne mai haƙora. Filastik ne, girmansa daidai da na ƙanƙara amma ya fi sauƙi, wajen giram 100 ko sama da haka kaɗan. Lokacin da aka yi gasar ƙwararru ta Roller Hockey International a Amurka da Kanada, daga 1993 zuwa 1999, jan faifan filastik suka buga, kuma har yau ja ne launin da aka fi gani. Idan ka juya shi a hannu za ka ga 'yan haƙora na nailan mai tauri an jera su zagaye da baki, sama da ƙasa, sun ɗan fito daga jikin faifan. A kansu yake tafiya, jikin ba ya taɓa ƙasa. Tsakiyarsa kuma sau da yawa an huda ta ko an rage mata nama, nauyin ya koma baki. Wannan ba ado ba ne. Abu mai nauyi a baki in ya fara juyawa ba ya saurin karkacewa, sannan hujin yana ba jikin damar ɗan lanƙwasawa in ya daki bango maimakon ya tsage nan take. IDS Pro Shot da Rocket su ne sunayen da mai nema zai fi cin karo da su.

Amma a san ƙasar da aka yi shi dominta. Filayen gasa ana shimfiɗa musu tayil ɗin filastik masu maƙale juna, irin na Sport Court, kamfanin jihar Utah ta Amurka da ya fara a 1974, ko na Stilmat na ƙasar Cek. A irin wannan daɓe ne hukumar hoki na ƙanƙara ta duniya, IIHF, ta yi gasar duniya ta hoki na takalmin taya daga 1996 zuwa 2017, kuma a kansa World Skate, hukumar wasannin takalmin taya ta duniya, ke ci gaba da tata. Namibiya, da ke wakiltar Afirka a waɗannan gasanni, ita ma filaye masu santsi take da su. Nailan a kan filastik mai tsabta santsi ne zalla. Ka ba abokinka faifai daga wannan kusurwa, ya isa gare shi a kwance, yana juyawa, da wata 'yar ƙara siririya.

Mu abin da muke da shi mafi kusa da wannan shi ne tarazo. Tsofaffin makarantu da ɗakunan taro da barandun wasu gidajen sama duk da shi aka daɓe su, kuma in an goge shi da kyau layukan da ke raba shi ba sa tsayar da faifai domin daidai suke da fuskar daɓen. Bayansa sai simintin da magini ya shafe da cokalin ƙarfe har ya yi sheƙi, irin na cikin sito ko garejin da ba a daɗe da ginawa ba. A kan waɗannan biyu faifai mai haƙora ba shi da na biyu, kuma wanda ya taɓa buga shi a nan zai gane abin da ya sa 'yan wasa ke raina sauran. Ana iya ɗaga shi sama ya sauka a kwance, ana iya harba shi da ƙarfi, nauyinsa a bakin sanda yana gaya maka inda yake ba sai ka duba ƙasa ba. Tayil ɗin ɗaki na tangaran yana da santsi shi ma, sai dai ramukan da ke tsakanin tayil da tayil suna sa faifan rawa, kuma mai gida ba zai yafe tayil ɗin da ya tsage ba.

Fitar da shi kan kwalta kuma labari ya sauya. Kwalta tsakuwa ce da aka haɗa da baƙin mai, fuskarta cike da ƙananan ramuka, kuma haƙoran nan daidai girman ramukan suke. Kowane haƙori ya faɗa ya fito, ya faɗa ya fito, faifan yana kakkarwa yana ƙara kar-kar-kar, har ɗaya ya cije sosai ya kifar da shi. Juya shi bayan wasan yamma ɗaya ka duba: haƙoran sun yi zane-zane, na gefe ɗaya sun fi na ɗaya gajarta, bakin faifan ya yi farin gashi na filastik da ya kankare, ƙwayoyin yashi sun nutse a jiki. Da zarar haƙoran sun cinye sun yi daidai da jiki, faifan ya mutu, ko ka mai da shi kan tarazo ba zai koma yadda yake ba. Wanda ya sayi wannan don titi ya ƙona kuɗinsa ne kawai.

Akwai tarko ɗaya da ke kama mutane: filin ƙwallon kwando ko na tanis mai fenti kore ko shuɗi. A ido sumul yake. Amma fentin irin waɗannan filaye da gangan ake zuba masa yashi mai laushi don takalmi ya kama, kada ɗan wasa ya zame. Faifai mai haƙora yana tafiya a kansa, ba ya kifewa sosai, sai dai yana gajiya da wuri kafin ya isa, haƙoransa kuma suna cinyewa a hankali. Tsohon fili da ƙafafu suka goge shekara da shekaru ya fi sabo daɗin wasa. Kuma a nemi izini, domin taya da bakin sanda suna barin zane a fenti.

Dabara ta biyu ita ce ta faifai mai ɓari biyu, wanda Green Biscuit ya yi suna da shi. An raba faifan gida biyu, sama da ƙasa, aka haɗa su da ƙusoshin ƙarfe amma ba a matse ba, an bar musu ɗan wasa. In ka girgiza shi yana ƙara. Wani yaro da aka fara miƙa wa shi ya girgiza a kunne ya dube ni ya ce, "Yaya, wannan ai tun a hanya ya karye." Na ce masa ya ajiye a ƙasa ya tura tukuna. Wannan sakin da ya ɗauka lalacewa ce shi ne dukan hikimar. Ɓarin ƙasa in ya ci karo da tsakuwa yakan girgiza shi kaɗai, girgizar ta mutu a tsakanin ɓarin biyu, na sama bai sani ba. Faifai guda ɗaya dunƙulalle duk abin da gindinsa ya ji sai jikin duka ya ɗauka, shi ya sa yake tsalle.

A kan siminti mai kaushi na tsakar gida, ko kwalta mai kyau irin ta wurin ajiye motoci, ban ga abin da ya kai shi zama a kwance ba. Yaron da ke koyon jan faifai hagu da dama, ko mutum biyu masu koyon miƙa wa juna, wannan ne nasu. Yana koya wa hannu abin da ƙwallo ba zai koya ba: yadda ake kifa bakin sanda a rufe faifai in ya zo, da yadda ake sakinsa daga dunduniyar sanda zuwa baki don ya tafi yana juyawa. Juyawar nan ce ke riƙe kowane faifai a kwance, kuma da yawan abin da ake ɗora wa faifai laifinsa, hannun mai bugu ne bai ba shi juyi ba.

Iyakarsa ita ce harbi. Na asalin an yi shi ne don miƙawa da ja, masu shi ma sun faɗa. In ana dukan ƙarfen raga ko bangon bulo da shi zai tsage. Sun fitar da wani mai suna Snipe da ya fi jure duka, wanda duk mai niyyar harbi shi ya kamata ya nema. Ko shi ɗin, bangon bulo ba abokin filastik ba ne. Sannan yashi yakan shiga tsakanin ɓarin biyu ya cike wasan da aka bar musu, faifan ya koma dunƙulalle ba a sani ba. In ka girgiza ka ji ƙarar ta ragu, tsoma shi a bokiti ka karkaɗa, ka shanya ya bushe sosai, domin iskar teku ta Accra ba ta raga wa ƙarfe.

Akwai kuma mai 'yan ƙwallaye uku a ciki, waɗanda suka leƙo sama da ƙasa don faifan ya riƙa gangarawa a kansu. A kanti yana burgewa, kuma yakan fi araha. A ƙasar da babu yashi zai yi aiki. A nan yashi ya shiga gurbin ƙwallayen, ɗaya ya tsaya biyu na juyawa, faifan ya riƙa karkata yana tsalle. Araha ba ta ado. A bar shi.

Yanzu mu zo kan gaskiyar yawancin filayenmu. Harabar masallaci da ta makaranta da gaban shaguna, kusan duk bulon shimfiɗa ne masu maƙale juna, kowane ɗaya da gaɓarsa, wasu sun nutse wasu sun taso. Titunan cikin unguwa faci ne a kan faci, gefensu jar ƙasa. Filayen ciyawar roba da aka gina a wasu zanguna 'yan shekarun nan na ƙwallon ƙafa ne, taya ba ta tafiya a kansu ko kaɗan. A kan bulon shimfiɗa babu faifan da zai zauna, ko mai ɓari biyu, domin gaɓar ta fi ƙarfin ɗan wasan da ke tsakanin ɓarinsa. Abin da ke aiki a nan ƙwallo ne, kuma ina ganin ƙungiyar da ke farawa a Accra da shi ya kamata ta fara, ba don rashin kuɗi kaɗai ba.

Wasu na ganin ƙwallo abin yara ne, faifai ne na manya. Ba haka ba ne. Hoki na ƙwallo wasa ne mai zaman kansa da ke da gasar duniya tun shekarun 1990, kuma yaran Kanada da Amurka da suka zama ƙwararru a kan ƙanƙara da yawansu da shi suka fara a titin gidansu. Ƙwallon filastik ne mai rami a ciki, bai kai rabin nauyin faifan ƙanƙara ba, an yi shi don kada ya yi tsalle sosai. Ba ya kifewa tunda ba shi da gefe, yana haye gaɓar bulo da ƙananan tsakuwa ya wuce. Wasa yana gudana, ba a tsayawa kowane minti ana kwantar da faifai da ƙafa, yara kuma ba sa gajiya su koma ƙwallon ƙafa.

Sai dai akwai abin da mai saye a ƙasar sanyi ba zai tuna ba sai an gaya masa, wato zafi. Kamfanin Mylec na jihar Massachusetts, wanda ya yaɗa wannan ƙwallo tun farkon shekarun 1970, yana yin sa iri-iri gwargwadon yanayi, kowanne da launinsa: rawaya na tsananin sanyi, ruwan hoda na sanyi, ruwan lemu na ɗumi daga wajen digiri 16 zuwa sama, ja kuma na zafi sosai. Dalili shi ne filastik yana laushi da zafi, yana tauri da sanyi. Ƙwallon sanyi da laushinsa aka yi shi don kada ya fashe a hunturunsu. Kawo shi Accra inda rana ke haura digiri 30, kwalta kuma ta fi iska zafi nesa ba kusa ba, sai ya yi lagwab, ya riƙa manne wa bakin sanda yana shiga ƙarƙashinta, ka taka shi ya lotse. Ja shi ne namu, ruwan lemu kuma zai yi da safe ko bayan la'asar. Wasu kamfanoni launukansu daban ne, saboda haka a karanta abin da aka rubuta a leda, kada a bi launi ido rufe. Ɗan'uwan da zai saya a watan Janairu a Toronto, na sanyi zai tarar a gaba a kanti.

Akwai irin da aka zuba wa ɗan ruwa a ciki. Ruwan yana zama a ƙasan ƙwallon yana kashe tsalle, kuma a kan bulon shimfiɗa bambancin a bayyane yake. Ya ɗan fi nauyi, abin da ni nake so, domin ƙwallo mara nauyi yana lalata hannu: mutum ya saba da ɗan taɓi, ranar da ya riƙe faifai sai ya ji sandarsa ta yi masa nauyi. Ƙwallon tanis shi ne abin da ake samu a ko'ina, kuma yana tsalle fiye da kima. In an huda shi iskar ta fita yakan natsu, amma gashinsa na shan ruwan kwata, wanda ya taɓa karɓar jiƙaƙƙe a fuska ya san sauran bayani.

Laifin ƙwallo biyu ne. Ba ya tsayawa da kansa, in ya kuɓuce sai abin da ya tare shi. Kuma yana tashi sama da sauƙi, mai tauri na zafi in ya sami cinya yakan bar shaida kwana biyu. Abin kare ƙwauri na ƙwallon ƙafa ya wadatar a farko, mai tsaron raga kuma kada a sa shi ba abin rufe fuska.

A yi hattara da wasu ƙwallaye biyu masu kama da nasa. Ghana ƙasar hoki ce ta ciyawa. Filin ƙasa da ke tsakiyar Accra yana ɗauke da sunan Theodosia Okoh, matar da ta zana tutar ƙasar a 1957 kuma ta daɗe tana jagorancin wasan, makarantun sakandare da dama kuma suna bugawa. Saboda haka ƙwallonsu yana yawo a gari. Dunƙulallen filastik ne mai giram 156 zuwa 163, an yi shi don ciyawa ta rage masa gudu. A kan siminti ba abin da ke rage shi, kuma gilashin luba na maƙwabta da ƙwaurin yara ne za su biya. Na biyun shi ne na hoki mai takalmin taya huɗu, biyu gaba biyu baya, wanda Fotugal da Sifen da Italiya da Ajantina suka yi fice a kai, aka nuna shi a Olamfik na Barcelona a 1992, Angola kuma ta karɓi gasar duniyarsa a 2013. Ƙwallonsa giram 155 ne, kewayensa santimita 23, tauri gare shi sosai, ana buga shi da gajeriyar sanda a fili mai mita 40 da 20 da aka kewaye da shinge. Abin sha'awa, irin daɓen da suke bugawa a kai, katako ko siminti mai santsi ko tarazo, ya fi kusa da abin da muke da shi. Wanda ya tara takalma masu taya biyu gaba biyu baya ya kuma sami zaure mai shinge, ya yi tunanin wannan wasan da gaske. Ba shinge, ba kayan kariya, a bar ƙwallon a jaka.

Yanayi ma yana zaɓar maka. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura ke sauka a kan tarazo ta yi abu biyu marasa kyau a lokaci ɗaya: taya ta zame, faifai ya yi nauyi. Tsumma mai ɗan danshi kafin wasa yana gyara duka biyun, amma a jira ya bushe, tarazo mai ruwa ya fi komai kayar da mutum. Ruwan Yuni kuma yana wanko yashi ya baza a kan kwalta, washegari fili ya zama wani abu daban. Tsintsiya mai kyau da minti goma na shara sun fi canja faifai tasiri, kuma wannan ne aikin da kowa ke guje wa. Rana a nan wajen ƙarfe shida take faɗuwa duk shekara, duhu kuma ba ya jira. Tsakanin la'asar da magariba ɗan lokaci ne, ƙarshensa baƙin faifai ba ya ganuwa, ruwan lemu ma yakan ɓace a gefen jar ƙasa. Kore mai haske da ja mai kauri sun fi fitowa a kan siminti. Kada a bar faifan filastik a cikin mota ko kan rufin kwano da rana, yakan lanƙwashe, kuma faifan da ya lanƙwashe ba ya miƙewa.

Ƙasar da ta zaɓi faifai ita ke zaɓar taya da sanda. A jikin taya akwai lamba da harafin A: 72A zuwa 76A masu laushi ne na cikin zaure, suna kama santsi, kwalta kuwa cinye su take yi cikin ɗan lokaci, 82A zuwa sama na waje ne, suna jurewa amma suna zamewa a kan tarazo. Bakin sanda na kabon mai tsada kwalta na kankare shi har ya buɗe. Na filastik ɗin ABS shi aka yi don titi. Tef ɗin da ake naɗa wa baki, a bar ƙasansa a buɗe in a waje ake wasa, in ba haka ba yana jan ƙasa.

Baƙin faifan ƙanƙara da aka riga aka kawo fa? Kada a jefar. A je Timber Market a sayi filawud mai baƙar fuska mai sheƙi, irin da 'yan kwangila ke zuba kankare a ciki, mai ƙafa 4 da 8. A shimfiɗa a tsakar gida, a tsaya a gefensa, a rataya tsohon bargo ko katifa a jikin bango. A kan wannan fuskar roba tana zamewa daidai gwargwado, kuma nauyin giram 170 yana gina wuyan hannu fiye da kowane faifan filastik. Mai ɓari biyu da mai haƙora ma suna gudu a kansa, bakin sanda kuma ba ya cinyewa. Yaron da gidansu ba shi da fili sai lungu, wannan allon ne filinsa.

Ƙungiyar da ta yi karo-karo kuɗin bai taka kara ya karya ba, ta sa mafi yawansa a ƙwallayen zafi, da yawa, domin ɓacewa suke yi kafin su lalace. Abin da ya rage a sayi mai ɓari biyu ko guda biyu ne, a ware su don atisaye kafin a raba gida. Mai haƙora sai ranar da wani shugaban makaranta ko mai zaure ya ce an ba ku daɓe, kuma daga ranar ya zama ba ya fita waje, jakarsa daban. Mai neman fili a waje ya duba wuraren ajiye motoci ranar Lahadi. 'Yan ƙwallon allo mai taya, masu zama a kan allon suna buga ƙwallo da hannu, waɗanda yawancinsu shan inna ta taɓa, sun daɗe da nuna wa Accra cewa tashar mota in ta watse fili ce. Babban titi kuwa, inda tirotiro da okada ke rige-rige, ba wurin bin ƙwallo ba ne ko da asuba.

Raga a yi ta da bututun ruwa na filastik, ba ƙarfe ba; yana da sauƙin ɗauka kuma ba ya fasa faifai. Gefen da kwata take a jera katako a tsaye, tsawon taƙi ɗaya ya isa ya tare faifai ya dawo da shi cikin wasa. Ƙwallo yakan haye katako, saboda haka a nemi tsohon taru wajen masunta a Chorkor ko Jamestown a ɗaura a bayansa, a danne gindin tarun da bulo, domin ta ƙasa ƙwallo ya fi sulalewa.